Bauri, tsami da jela: yadda ake gane halin jar giyar inabi ta haɗi

Tambaya: Kawu, ina karatun kula da otal a wata kwalejin fasaha, a zangon nan kuma muna darasin abinci da abin sha. Malaminmu ya ba mu takarda a kan jar giyar inabi ta haɗi. An ce mai kyau tana da jiki, tana da ƙashi, tana da daidaito, wai har da doguwar jela. Ni ban taɓa sha ba, ba ni kuma da niyya, ga jarrabawa ta matso. Me ake haɗawa, kuma wane irin ɗanɗano ne ake yi wa wannan kirari haka?

Ɗana, kwantar da hankalinka, ba sai ka kai kofi baki ba kafin ka ci wannan jarrabawa. Na yi kaka biyu ina aiki a wata gonar inabi a yankin Médoc lokacin da nake karatun sarrafa abinci a Faransa, daga baya na shafe shekaru ina shugabantar ɗakin cin abinci a otal-otal, kuma yawancin yaran da suka koyi aiki a hannuna ba su taɓa ɗanɗana ta ba. Batun hukuncinta a addini ka san malaman da ake kai wa, ba hurumina ba ne. Sana'ar zan buɗe maka. Harshen Bahaushe ya riga ya san kusan duk abin da takardar malaminku ke faɗa, sunayen ne kawai suka zo masa a baƙunce.

Mu fara da goro. Ka ɓare ɗaya ka tauna, ka bar ɗacin ya wuce, sannan ka lura da abin da ya rage a bakinka: dasashi ya bushe, harshe ya yi kaushi kamar an goge shi da tsumma, miyau ya ɗauke. Bauri ke nan. Wanda ya taɓa gatsar ɗanyar kanya yana yaro ba ya bukatar ƙarin bayani, haka wanda ya sha kofin farko na shayin Buzaye da ya daɗe a kan gawayi. Bature sai ya yi dogon zagaye kafin ya fahimtar da ɗalibi wannan abu, mu kalma ɗaya ta ishe mu. Abin da ke kawo shi sinadari ne da ake kira tanin, kuma danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita a Kano. Aikin iri ɗaya ne. A majema yana kama fata ya ɗaure ta don kada ta ruɓe, a baki kuma yana kama abin da ke sa miyau santsi, sai santsin ya gudu. Idan takardarku ta ce giya tana da ƙashi, baurin nan take nufi da farko. Shi ke tsayar da ita, shi ke sa wata ta jure shekara 20 ko 30 a kwalba ba ta mutu ba.

Ruwan da ke cikin baƙin inabi fari ne. In ka matse ka zubar da ɓawon nan take, farar giya za ka samu. Launi da bauri duk a ɓawo suke da ƙwayar ciki, shi ya sa ake barin ruwan ya tsimu tare da ɓawonsa mako 2 zuwa 4, kamar yadda ake jiƙa zoɓo har ya saki launinsa. Hasali ma abin da ke rina zoɓo dangin abin da ke rina ɓawon inabi ne. A cikin waɗannan makonni yis yana cinye sukarin da ke cikin ruwan yana mayar da shi barasa.

A nan ne mutanenmu da yawa ke kuskure, suna tsammanin za a ji zaƙi tunda inabi ne. Babu shi. Yis ya cinye kusan duka, abin da ya rage bai fi giram 2 ko 3 a lita ba, alhali lemon kwalba yana ɗauke da wajen giram 100. Ƙanshin nunannun 'ya'yan itace ne ke yaudarar hanci, mutum ya ce ya ji zaƙi. Abin da harshe ke ji da gaske, bayan bauri, tsami ne. Babban sinadarin tsamin inabi shi ne dai wanda ke cikin tsamiya. Akwai na biyu mai kaifi, irin na ɗanyen tuffa, wanda ake barin wasu ƙwayoyin halitta su sauya shi ya koma tsami mai laushi irin na kindirmo, kuma kusan duk jar giya sai ta bi ta wannan mataki. Bauri yana busar da baki, tsami yana tsinko da miyau, to ka ga ɗaya na gyara ɓarnar ɗaya. Bayan bauri da tsami, na uku barasa ce, wadda a irin wannan giya takan kai kashi 13 zuwa 14 da rabi cikin 100. Ita ke ba da ɗumi a maƙogwaro da nauyi a harshe. Jiki kuwa ba wani abu ba ne illa wannan nauyi: bambancin da ke tsakanin tsinkakken koko da kunun gyaɗa. Daidaito shi ne a ce cikin bauri da tsami da barasa da ƙanshi babu wanda ya ɗaga murya ya danne sauran.

Yanzu haɗi. Kada ka ji kalmar ka ɗauka algus ne, ko ana zuba wani abu daban a ciki. Inabi ne zalla, sai dai iri-iri, kowanne an tsima shi shi kaɗai sannan a gauraya. Gidan wannan sana'a shi ne Bordo, birnin da ke kudu maso yammacin Faransa kusa da Tekun Atlantika, wanda a jikin kwalba za ka ga an rubuta Bordeaux. Koguna biyu, Garonne da Dordogne, suna haɗuwa a can su zama Gironde kafin su faɗa teku. In ka fuskanci teku, gaɓar hagu ita ce Médoc da Graves, ƙasar tsakuwa. Médoc fadama ce a da, sai a ƙarni na 17 injiniyoyi 'yan Holan suka janye ruwanta tudun tsakuwar ya fito. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, tana kuma shan zafin rana ta ajiye. Gaɓar dama, wato Saint-Émilion da Pomerol, yumɓu ne da dutsen farar ƙasa, mai sanyi da riƙon danshi. Wannan bambancin ƙasa shi ya raba musu irin da suke shukawa.

A tsakuwa sarki shi ne Cabernet Sauvignon. 'Ya'yansa ƙanana ne, ɓawon da kauri, don haka bauri da launi da tsami duk ya tara. Ƙanshinsa na wasu baƙaƙen 'ya'yan itace ne da ba ma da su a nan, amma in ka taɓa shan Ribena ka san shi, domin da su ake yin ta. In bai nuna sosai ba sai ya riƙa tashin koren tattasai, kuma sinadarin iri ɗaya ne da na tattasan. Shi kaɗai, musamman a shekarar da rana ta yi ƙaranci, kamar dogon mutum ne ramamme: ƙashi ba tsoka. Yana shiga baki da ƙarfi, ya fita da ƙarfi, tsakiyar kuwa fayau.

Merlot ke cike wannan tsakiya. Ana furta shi Marlo. Ɗansa ya fi girma, ɓawon ya fi siranta, yana riga Cabernet nuna da mako ɗaya ko biyu, sukarinsa ya fi yawa don haka barasarsa ta fi, baurinsa kuma mai laushi ne. In ana neman abin da ya fi kusa da ƙanshinsa a wurinmu, ni ɗinya nake cewa, wadda ta nuna luguf ta faɗo da kanta. Shi ma yana da aibinsa. A shekara mai zafi yakan yi nauyi ya kwanta, ya rasa abin da zai miƙar da shi. Yumɓu yake so, shi ya sa gaɓar dama tasa ce.

Na uku Cabernet Franc, wanda ake sa wa don hanci: ƙanshin jajayen 'ya'yan itace, ɗan ganye-ganye, da wani abu mai kama da ƙanshin fensir in ana fiƙe shi. Shi ne dattijon gidan. A 1997 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa Cabernet Sauvignon ɗansa ne, an same shi daga barbararsa da wani farin inabi, Sauvignon Blanc, kuma daga baya aka gano shi ne uban Merlot ma. To haɗin Bordo taron uba ne da 'ya'yansa. Akwai kuma Petit Verdot, wanda ya fi kowa jinkirin nuna, baƙi ƙirin, mai yaji-yaji. Shi daddawa ne: kaɗan ake sawa, sau da yawa bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma ranar da babu shi mai hanci zai ce miyar nan da saura. Malbec da Carménère ma doka ta yarda da su, sai dai yanzu sun fi suna a ƙasashen da suka yi ƙaura, Malbec a Ajantina, Carménère a Cile, inda aka daɗe ana noma shi da sunan Merlot har sai da wani masani Bafaranshe ya gane shi a 1994.

Littattafai sukan yi bayanin haɗi kamar wani mai hikima ne ya zauna ya ƙirƙiro shi don daɗin baki. Ni a gona na koye shi, kuma abin da na gani dabarar manomi ce kafin ta zama ta mai ɗanɗano. Ka dubi gonar kakanka: gero, dawa da wake a fili ɗaya. Ba don ado ba. In damina ta ɗauke da wuri gero ya riga ya tsira, in ta yi tsawo dawa ta biya. Haka Bordo take, gari ne na bakin teku da ba a amince wa samansa. Merlot yana toho da wuri, to in sanyin watan Afrilu ya sauko ya daskarar da raɓa, shi yake fara ƙonewa. Cabernet yana jinkirin toho, yakan tsallake wannan, amma yana bukatar rana har cikin Oktoba, in ruwa ya riga shi sai a girbe shi bai gama nuna ba. Da wuya shekara ɗaya ta kayar da su duka biyun. Shi ya sa gida ɗaya, gona ɗaya, bana ka ga Cabernet ya yi rinjaye sosai, baɗi ka ga an ƙara Merlot. Shekarar da ke rubuce a kwalba shekarar girbi ce, kuma masu saye suna karanta ta kamar yadda muke cewa daminar bara ta fi ta bana. Mummunan sanyin Fabrairun 1956 ya kashe kurangar inabi da yawa a yankin, da aka zo sake shuka mutane suka rage Malbec suka ƙara Merlot, yau kusan kashi biyu cikin uku na baƙin inabin Bordo shi ne. Yanzu kuma zafi ne ke damunsu. A 2021 hukuma ta yarda a gwada wasu sababbin iri masu jure zafi, cikinsu har da Touriga Nacional na Fotugal, da sharaɗin kada su wuce kashi 10 cikin 100 na haɗin.

Bari in ba ka labarin ranar da na fara ganin ana haɗin. Cikin hunturu ne, da safe, a wani ɗaki mai sanyi da farin tebur. An jera ƙananan kwalabe sun fi talatin, kowacce da takarda a wuya: sunan irin, da ɓangaren gonar da aka tsinko shi. Domin ba iri kawai ake rabawa ba, Cabernet na kan tudu daban, na gangare daban, na tsofaffin kuranga daban da na sababbi. Mutum huɗu ne a tsaye, da mai gidan, da shugaban rumbun giya, da mai kula da gona, da wani dattijo da ake ɗaukowa daga waje don ba ya jin kunyar kowa. Ni aikina wanke kofuna da riƙe bututun awo. Babu mai haɗiya. Kowa ya kurɓa, ya juya a baki, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya tofar a wani mazubi, ya rubuta. Da za su haɗiye, kafin kwalba ta goma an gama aiki. Babu turare a jikin kowa, babu sigari, babu kofi. Na taɓa shiga da goro a bakina, wanda wani ɗan'uwa ya kawo mini tsaraba, shugaban rumbun ya dube ni ya ce yau kai sai dai wanki, bakinka ya riga ya cika da tanin.

Wajen azahar suka tsaya a kan haɗi biyu. Bambancinsu Petit Verdot ne, ɗaya an ƙara masa kashi 2 cikin 100. Aka miƙo mini. Na sansana wannan, na sansana wancan, na ce wallahi ɗaya ne. Dattijon ya ce in ajiye, in fita in sha iska, in dawo. A karo na uku na kama shi: na biyun ƙanshinsa ya fi zurfi, kuma bayan na tofar ya fi daɗewa a baki. A kan wannan kashi 2 suka yi gardama ta fi awa ɗaya. Akwai kuma ruwan matsa, wanda ake samu in an matse ɓawon da ya rage bayan an tsiyaye na farko, baƙi mai tsananin bauri, shi ma da awo ake ɗiga shi. Abin da bai samu shiga ba ba a zubar da shi, ana yin giya ta biyu da shi a sayar da wani suna a farashi mai sauƙi. A manyan gidajen Médoc, Château Latour yana da Les Forts de Latour, Château Margaux yana da Pavillon Rouge. Matan da ke haɗa humra da turaren wuta za su gane wannan zama sarai. A wurinsu ma in mai shinshina ya iya lissafa kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, to haɗin bai kama ba.

Daga nan sai ganga. Ta katako ce, ta wani itace da Faransawa ke kira shen, Turawan Ingila ok. Gangar Bordo tana cin lita 225, wato kwalba 300. Maƙerinta yana gasa cikinta da wuta kafin ya rufe, kuma daga wannan gashi ne giya ke ɗaukar gardi, da ɗan ƙauri, da ƙanshin banila, da na kanumfari. Na kanumfarin ba kwatance ba ne, sinadarin da ke cikin kanumfari shi ne a cikin katakon. Babban aikin ganga dai ba ƙanshi ba ne. Iska tana shiga a hankali ta jikin itacen tana rage kaifin bauri, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wani gidan har kusan biyu. Kafin a ɗura a kwalba wasu gidaje har yanzu suna kaɗa farin ƙwai su zuba a ganga, ya kama baurin da ya fi kaushi ya kwanta da shi ƙasa. Ni a ra'ayina, yawancin giyar da ake yi don burge baƙo da kurɓar farko sabuwar ganga ce ta yi mata yawa. Kamar mutumin da ya yi wanka da turare ne, sai ka fara tunanin me yake ɓoyewa.

To yaya take a kofi? Tana ƙarama, shekara 3 ko 4, launinta ja ne mai duhu da ya karkata ga shuni, ƙanshinta na 'ya'yan itace ne da katako, baurinta yana kama dasashi. Mai kyau ma a wannan shekaru takan yi rowa, ta rufe bakinta. In ta kai shekara 15 ko 20, ka karkata kofin a kan farin kyalle za ka ga bakin ruwan ya koma launin jan bulo. 'Ya'yan itacen sun ja baya, wasu abubuwa sun fito: ganyen taba busasshe, fata irin ta rumfar dukawa a Kasuwar Kurmi, akwatin katako, da ƙanshin ƙasa ranar da ruwan farko ya sauka. Baurin yana nan amma ya zama kamar ƙaramiski. Wani sashensa ya haɗu da launin ya kwanta a gindin kwalba, shi ya sa ake tsiyaye tsohuwar giya a hankali cikin wani tulun gilashi a bar gindin. Kada dai ka ɗauka kowace kwalba tsufa ke gyara ta. Mafi yawan abin da ake sayarwa an yi shi ne don a sha cikin 'yan shekaru, in ka ajiye shi lalacewa kawai zai yi.

Jelar da ta ba ka dariya kuwa ita ce daɗewar ɗanɗano bayan an haɗiye ko an tofar. Faransawa har ma'auni suka yi mata, kodali, daƙiƙa ɗaya ke nan, kuma asalin kalmar daga jela ne a Latin. Giya mai araha tana ɓacewa kafin ka ajiye kofi. Mai kyau tana nan kana magana. In aka ce in zaɓi alama ɗaya tak da ba a iya yi wa kwalliya, ita zan zaɓa, domin launi da ƙanshin katako ana iya ƙara su, jela kuwa daga gona take zuwa.

Za a iya tambayar ku 1855. A shekarar ne aka yi babban baje koli a Faris, zamanin Napoleon na Uku, aka sa dillalan Bordo su jera manyan gidaje daraja biyar bisa farashin da suka saba sayarwa. Jajaye huɗu suka hau sahun farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Mouton Rothschild ya shiga cikinsu a 1973. Jerin bai haɗa da gaɓar dama ba, shi ya sa ba za ka ga gidan Pétrus na Pomerol a ciki ba, alhali yana cikin mafi tsada a duniya, kuma shi kusan Merlot ne zalla. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka haɗi ba sharaɗin kyau ba ne. Burgundi ma, da ke gabashin Faransa, jar giyarta iri ɗaya ce, Pinot Noir. Suna kuma ba ya hana a sha kaye: a 1976 a Faris, alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin kwalba ba, suka ba wata giyar Kalifoniya ta Stag's Leap na ɗaya a kan manyan Bordo.

Ba Bordo kaɗai ke haɗi ba. A kudancin kwarin Rhône, can kudancin Faransa, dokar giyar Châteauneuf-du-Pape ta yarda da iri 13, amma uku ne ke ɗaukar nauyin: Grenache mai ɗumi da barasa, Syrah mai launi da ƙanshin masoro, Mourvèdre mai bauri. Ta fi ta Bordo taushi da zafi a maƙogwaro. A Afirka ta Kudu, wajen Stellenbosch, salon Bordo ake bi. Ko kwalbar da aka rubuta sunan iri ɗaya a jikinta ba lallai zalla ba ce, domin dokar Tarayyar Turai kashi 85 cikin 100 take nema, ta Amurka 75, sauran mai yi ya cike da abin da ya ga dama.

Abin da zai fi yi maka amfani a bakin aiki shi ne zafi. Littattafan Turawa suna cewa a ba da jar giya da zafin ɗaki, amma ɗakinsu suke nufi, digiri 16 zuwa 18. Ɗakinmu a watan Afrilu ya ninka haka. Da zafi barasa ke fara tashi ta rufe komai, sai baƙo ya ji kamar magani. Ka sa kwalbar a firji kamar minti 20 zuwa 30 kafin a buɗe. Kada kuma ta yi sanyi ƙarara, domin sanyi yana ƙara kaifin bauri ya kulle ƙanshi. Ajiya kuma wuri mai duhu, digiri 12 zuwa 14, kwalba a kwance don matoshin ya zauna a jiƙe. A wani otal da na yi aiki na tarar da katan-katan na giya mai tsada a sito ɗaya da bangon ɗakin janareto. Na zaro kwalba na ga matoshin ya turo kai, ruwan ya tsattsafo ya bushe a wuyanta. Da aka buɗe, ƙanshin dafaffen dabino ne, tsamin ya mutu. Ta dahu a kwalba. Baƙi sun yi watanni suna mayarwa, masu otal suna cewa ba su san abu mai kyau ba ne. Wani aibin kuma daga matoshin kansa yake zuwa: warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya sha damina a rufe. Wannan da hanci ake kama shi, ba sai an kurɓa ba, kuma dalilin da ya sa ake zuba wa baƙo kaɗan ya gwada ke nan. In ya ce da matsala, ka canza masa, ba a gardama.

Wajen abinci, ka riƙe cewa maiƙo da nama suna kwantar da bauri. Mutanen Médoc da naman ɗan rago suke cin tasu, ko naman sa da aka gasa a kan busassun rassan inabi. Balangu mai ɗan kitse zai zauna da ita lafiya. Barkono ne abokin gaba. Tsire mai yaji sosai ko farfesu mai attarugu yana sa barasar ta yi ƙuna baurin ya yi ɗaci, sai a ɓata duka biyun. Kifi ma ba ya shiri da giya mai yawan tanin, yakan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. In kuma wani ya ce maka ka riƙa gaya wa baƙi tana gyara zuciya don a saya, kada ka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa barasa cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, tsadar kwalba ba ta canza wannan.

Kafin jarrabawar ka yi abin da nake sa yarana su yi. Ka dafa baƙin shayi ka bar ganyen ya yi minti 10 a ciki, ba sukari, ka bar shi ya huce: Cabernet ɗinka ke nan, ƙashi zalla. Ka jiƙa zoɓo shi ma ba sukari, don tsami da launi. Ka dama ɗinya ko dabino da ruwa ka tace, don tsoka. Ka jiƙa kanumfari biyu a ƙaramin kofi daban. Ka kurɓi kowanne shi kaɗai ka rubuta inda ya taɓa a bakinka, sannan ka fara haɗawa da cokali kana ƙirgawa, shida na shayi, uku na ɗinya, ɗaya na zoɓo, ka juya lissafin, ka sake. Ruwan kanumfarin da ɗigo za ka sa shi, a ƙarshe. Tsakanin kowane gwaji ka kurkure baki ka ci ɗan burodi, kuma ranar kada ka taɓa goro sai ka gama.